Garwa: Kwana Uku Na Zo Yi

Farkon zuwana Garwa, kwana uku na yi niyyar yi: in sauke dilar atamfa, in karɓi kuɗina, in koma Yola. Yau ga shi 'yata ta fari a nan aka ɗaura mata aure.

Abokan kasuwanci suna yawan tambayata ko gari ne da mutum zai kawo iyali. Nakan ce eh, amma fa su saurara.

Kogin Binuwai shi ne ran garin. In na rufe shago da la'asar sakaliya, nakan hau babur zuwa bakin gada in sha iska. Masunta na jan taru, mata na wanki, wani lokacin har ka hango dorina ta ɗago kai. Tsofaffi suna ba da labarin zamanin da jiragen ruwa ke zuwa daga Najeriya da damina, su lodi auduga da gyaɗa. Wannan ya wuce, yanzu tirela ce ke aikin. Amma madatsar ruwan Lagdo tana ba garin lantarki, ga kifi: ƙarfasa, tarwaɗa, giwan ruwa. Maiɗakina ta ce ko don kifin nan ta yafe mini raba ta da danginta.

Kasuwa kuwa auduga take bi. Hedkwatar Sodecoton a nan take, kuma duk ranar da aka biya manoma, aljihunka zai sani. A Janairun 2022, da aka buga Kofin Afirka a filin Roumde Adjia, mutanen Yola da Mubi suka cika mana gida, har a zaure aka kwana. Tunisiya ta fitar da Najeriya da ci ɗaya, baƙina suka tafi ko sallamar kirki babu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Zafin Maris da Afrilu ya wuce digiri 40, darbejiyar bakin titi ce kawai gatanka. Takardun zama kuma kada ka yi wasa da su. Hausa za ta kai ka, amma Fulatanci ne harshen ciniki, ofis da makaranta kuma Faransanci. Autana yakan kawo mini aikin gida in duba, sai in gyaɗa kai kamar na gane, in ce ya kai wa yayarsa.