Tukunyar Tsiro da Amanar Mai Kunu

'Yan'uwana mata, kunun zaƙi sana'ar cikin gida ce da ta rufa wa da yawanmu asiri a Fakku da sauran ƙasar Kebbe har zuwa Tambuwal. Amma akwai iyaka a cikin tukunyar nan da ya kamata kowace mace ta sani.

Ni dai yadda na tashi na ga ana yi, a jiƙa dawa kwana ɗaya, a baza kan buhu a lulluɓe, ana yayyafa ruwa kwana uku ko huɗu har ta fito da tsiro, sannan a shanya a niƙa. In an dama gasarar gero, ba a zuba garin tsiron sai ta ɗan huce. Dalili kuwa, sinadarin da ke cikin tsiro mai mayar da gari sukari yana aiki ne tsakanin zafi 60 zuwa 70 a ma'auni, tafasasshen ruwa kashe shi yake. In an dace, kaurin ya tsinke, zaƙi ya fito ko ba sukari.

To, har zuwa nan hanyarmu ɗaya da masu burkutu, da ma Turawan Jamus da Ingila masu dafa ruwan tsiron sha'ir kamar awa guda. Inda muka rabu, su sai su zuba yis su ajiye kwanaki, yis ya cinye zaƙin ya mayar da shi abin maye. Mu kuwa a ranar muke sha.

Sai dai yis ba ya jiran gayyata. Yana cikin iska, yana jikin randar da ba a wanke ba. A zafin Afrilu da ke haura 40 a jihar Sakkwato, kunun da ya kwana ya fara kumfa da kaifin tsami ya kama hanya. Wata maƙwabciyata takan haɗa kwantai da sabo don kar ta yi asara. Da innata ta ji, cewa ta yi, "Ke ɗiyan nan, mi kika ba mutane? Har da masu azumi fa!" Tun kafin shari'ar da jiharmu ta ƙaddamar a 2000, iyayenmu sun san wannan iyaka.

Don haka uwargida, in kin tace, mayar da shi kan murhu ko risho ya tafasa sosai, tafasar tana kashe ƙwayoyin da ke ciki. Kada ki cika tukunya, ruwan zaƙi saurin ɓori gare shi. Ki tsaya da ludayi kina juyawa, ki rage wuta in kumfa ta taso. Ki dama daidai cinikinki, abin da ya rage ki yi sadaka da shi kafin dare.

Mai saye bai ga tukunyarki ba, amanarki kawai yake sha. Allah ya ciyar da mu halal, amin.