Na Hana Kwamfuta Yi Mini Katsalandan

'Yan'uwana ɗalibai, kowa ya san irin mutumin nan da ba ya bari ka gama magana. Kana buɗe baki sai ya riga ka, ya ƙarasa maka zancen da ba shi ka nufa ba. To, kwamfuta ma ta koyi wannan hali. A shekarar 2018 Gmail ya soma cankar abin da mutum zai rubuta, a 2021 Microsoft Word ya bi sahu. Da ka buga kalma biyu uku sai wasu su ɓullo a gaba da launin toka, ka danna maɓallin Tab su shige.

Ba duba take yi ba. An cika ta ne da ɗimbin rubuce-rubucen mutane, sai ta miƙo maka kalmar da aka fi sawa bayan wadda ka buga. Watau abin da kowa ke faɗa shi za ta sa ka faɗa. Shi ya sa da aka ba mu aikin rubuta wasiƙar neman aiki da Turanci, wasiƙun waɗanda suka buga a kwamfuta suka fito kamar an tsaga kara. In ko Hausa ce abin sai dariya: na buga "da", ta miƙo mini "day".

Mahaifina ya yi aikin akawu a wata masaƙa a Bompai, nan Nassarawa, kafin a rufe ta. Da tafireta yake buga sanarwar ma'aikata. Tafiretar ba ta da ƙ, ɗ da ɓ, sai ya gama ya ɗauki biro ya bi layi layi yana sa musu lanƙwasa, don kada "baƙi" su zama "baki". Aiki ne mai cin rai, amma ko harafi ɗaya bai hau takardar nan ba sai da saninsa.

Ni dai na shiga saitin Word na kashe cankar nan. A zauren jarrabawa babu mai raɗa mini kalma ta gaba, gara in saba tun yanzu. Gaskiya saurina ya ragu, har abokaina kan riga ni tashi daga ɗakin kwamfuta. In kalma ta kakare mini, sai in buɗe ƙamus ko in tambayi Malam.