Iskar Da Ake Saurara Daga Sama

Mutanen ƙasar Kurfi da na Dutsin-Ma sun san sama tun kaka da kakanni. Manomi yakan duba Kaza da 'Ya'yanta ya san inda shekara ta kai, matafiyi kuma ya ga Gamzaki ya ɗaura kaya. Amma abin da ido ke gani kaɗan ne daga cikin abin da Allah Ya shimfiɗa a can.

Taurari garke garke suke, kowane garke kuwa da taurari dubban miliyoyi. Rana tana cikin garke ɗaya. Akwai wani maƙwabcinsa da Turawa ke kira Andromeda, wanda mai kaifin ido ke iya hangowa wajen arewa da daren kaka, kamar ɗigon hayaƙi. Haskensa yakan yi shekara miliyan 2 da rabi kafin ya iso duniya.

A tsakanin taurarin nan akwai wata iska mai suna haidirojin, wadda ita ce mafi yawa cikin halitta, har ruwan madatsar Zobe ma da ita a cikinsa. A sama tana da sanyi ƙwarai, ba ta haske, don haka madubin hangen nesa bai ganinta. A 1944 wani ɗalibi ɗan ƙasar Holan, Hendrik van de Hulst, ya yi lissafi ya ce lalle iskar nan tana fitar da igiyar rediyo mai tsawon santimita 21, watau kimanin taƙi guda. A ranar 25 ga Maris, 1951, Harold Ewen da Edward Purcell suka kama igiyar a jami'ar Harvard ta Amurka, maganarsa ta tabbata.

Amfanin igiyar nan biyu ne. Na fari, ƙura ba ta tare ta. Yadda hazon hunturu ke ɓoye dutsen Dutsin-Ma, amma akwatin rediyo ya ci gaba da magana, haka igiyar ke ratsa ƙurar sama. Na biyu, tana nuna gudu. Duk wanda ya tsaya bakin hanyar Kurfi ya san ƙahon mota yakan yi tsini in tana tahowa, ya yi kauri in ta wuce. Haka igiyar takan gajarce in iskar na matsowa, ta ƙara tsawo in tana nisa. Da wannan masana ke auna juyawar garke.

Sa'an nan aka ga abin mamaki. A shekarun 1970 aka tabbatar iskar ta zarce iyakar taurari da nisa, kuma ta can gefe tana gudu kusan daidai da ta ciki. Da nauyin abin da ake gani ne kaɗai ke riƙe da ita, da tuni ta fanɗare. Ashe akwai wani abu mai nauyi wanda ba a gani, kimanin ninki 5 na wanda aka sani, har yau kuwa ana neman asalinsa. Bugu da ƙari, daga iskar nan sababbin taurari ke samuwa, saboda haka auna ta tamkar leƙa rumbu ne a ga irin da ya rage.

Aikin nan ya iso Afirka. A 2017 Ghana ta mai da wani tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya zama na sauraren sama. A 2018 Afirka ta Kudu ta buɗe MeerKAT mai faifai 64, wanda ke binciken iskar a garkunan kusa.

Dutsin-Ma kuwa ta sami jami'ar tarayya a 2011. Uban da ya yi yaƙi da jahilci da girmansa ya fi kowa sanin zafin rashin karatu. In ya cire ɗansa ko 'yarsa daga makaranta don talla ko kiwo, ya rufe musu ƙofar da shi ya sha wuya kafin ya buɗe wa kansa. Van de Hulst da alƙalami da takarda ya fara, su kuwa ana sayar da su a kasuwar Kurfi.