Ƙurajen Bayan Aski: Abin da Kunya Ke Hana Mu Tambaya

Wata ranar bazara wani magidanci daga Jiga Birni, manomin albasa, ya tsaya a tagar ɗakin magani har sai da layi ya watse. Ya sunkuyo ya ce, "Likita, a ba ni maganin sanyi mai ƙarfi." Na ce masa, "Baba, me kake ji?" Da ƙyar ya faɗa: ƙuraje ne a mara, masu ƙaiƙayi da zafi. Har ya fara zargin maiɗakinsa, kwana shida ba ya cin abincinta.

Na haɗa shi da likita, aka duba. Babu ciwon sanyi. Tsohuwar reza ce, da aski a busasshiyar fata, sannan ya bi wurin da sifirit.

Mai karatu, gashinmu na baƙar fata nannaɗaɗɗe ne. Idan ka aske shi ƙwal, musamman in ka ja fatar, bakin gashin yakan zama kamar tsinin allura. Da ya fara tsirowa sai ya lanƙwaso ya soki fata, ko ya maƙale a ƙarƙashinta, jiki kuma ya ɗauke shi tamkar ƙaya, ya kumbura. Ƙara da zafin Maris da Afrilu a ƙasar Kabi, da gumi, da matsattsen wando na roba, sai ƙwayoyin cuta su samu ƙofa.

Saboda haka kada ka ɗora reza a kan dogon gashi. Fara rage shi da almakashi. Ka jiƙa wurin da ruwan ɗumi kamar minti 5, ka sa kumfar sabulu marar ƙamshi, ka bi inda gashin ya kwanta, kada ka tare shi. Bi ɗaya ya isa. Reza ta zama sabuwa, kuma taka kai kaɗai, domin ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau suna iya bin jinin da ido bai gani ba. In ka gama, wanke da ruwan sanyi, tsane, shafa man kaɗanya ko basilin kaɗan. Sifirit da turare da lemun tsami ƙona fata kawai suke yi.

Wasu na aski duk Juma'a don tsabta, ƙurajen ba su warke ba a sake bi ta kansu. Hadisin Anas da ke cikin Sahihu Muslim ya sa iyakar kwana 40 ne, don haka kana da sararin barin fata ta huta mako uku ko huɗu.

Abin da ya fi damuna a aikina shi ne man shafawar nan mai haɗi uku da ake saya a kasuwar Jega da kemis-kemis ba tare da takardar likita ba. Yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma sinadarin da ke cikinsa yana sirantar da fatar mara, ya bar nankarwa, ya kuma ɓoye cutar da ke ƙasa. 'Yar'uwa, ke ma man cire gashi kada ya taɓa cikin gaba. Gwada shi a hannu tukuna.

Idan ƙurji ya tara ruwa, ko ya zama gyambo, ko ya zo da zazzaɓi da kaluluwa, ko kana da ciwon suga, kada ka matse, je asibiti. Magidancin nan ya dawo bayan mako uku karɓar maganin hawan jini. Ya ce ya saya wa maiɗakin nasa atamfa.