Dajin da Ake Sara Bai Ƙare Ba

Na daɗe ina tunanin al'ummar Menominee, 'yan asalin ƙasa da ke jihar Wisconsin a Amurka. Tun 1854 suke sare itace a dajinsu mai faɗin fiye da eka 200,000, kuma a 1908 aka kafa masana'antar yanka katako a garin Neopit. Har yau tana aiki, dajin kuma ya fi yawan itace a tsaye fiye da lokacin da aka fara saran.

Dalilin a fili yake. Ma'aikacin daji ne ke fara shiga, ya duba bishiya daga saiwa zuwa kai, ya shafa wa mai ciwo ko wadda ta daina girma fenti. Ita ake kayarwa, a bar lafiyayyu su yi kauri su zubar da iri. Abin da dajin ya bayar shi injin ke yankawa, ko da kasuwa na neman fiye da haka.

Wannan haƙurin ne ke burge ni. Daga gungume guda, mai sara ya ci, direban babbar mota ya ci, mai wasa zarto da mai jera katako su ci, kuɗin kuma ya zagaya cikin gari. Ɗan kwangilar da ya zo daga nesa yakan kwashe ya tafi. Wanda ya san jikokinsa za su nemi abinci a dajin nan ba ya yi masa cin ƙarshe, domin kowa ya gyara ya sani.