Wutsiyar sunan hoto

Kowane hoto da ke cikin kwamfuta ko wayar salula yana da suna. A ƙarshen sunan akwai ɗigo da ƴan haruffa, kamar .jpg ko .png. Wannan ita ce wutsiyar suna. Da ita kwamfuta take gane irin hoton da yadda za ta buɗe shi.

Irin .jpg ya fito a 1992. Yana matse hoto ya rage masa nauyi, don haka yana saurin tafiya ko da intanet ba ta da ƙarfi. Amma a wajen matsewar yana zubar da wani abu kaɗan na hoton. Irin .png ya fito a 1996. Shi ba ya zubar da kome, sai dai hoton fuska yakan yi nauyi a cikinsa.

A Guci, cikin gundumar Dungas, wani saurayi yana neman shiga babbar makaranta a Damagaram. Aka ce ya aika hotonsa irin .jpg kafin ranar rufewa. Nasa kuwa .png ne. Sai ya goge wutsiyar, ya rubuta .jpg, ya aika. Aka maido masa. Saura kwana biyu.

Ya tafi wajen yayarsa, wadda ta yi karatu a Magarya.

Ya ce: «Yaya, na sake suna, amma sun ƙi karɓa.»

Ta ce: «Ƙanena, in ka rubuta dawa a kan buhun gero, gero ya zama dawa?»

Ta buɗe hoton cikin Paint, ta zaɓi a ajiye shi da sabon iri, wato .jpg. Kwamfuta ta sāke tsara hoton tun daga ciki. Ya aika, aka karɓa.

Sake suna dabam, juya hoto dabam. Kuma in ana ta gyara hoton .jpg ana sake ajiye shi, kyansa yana raguwa, kamar hatsin da ake juyewa daga kwarya zuwa kwarya, kowane juyi ƙwaya tana zuba. Saboda haka mai hankali yana adana hoton asali, yadda manomi yake adana iri a rumbu.

Tambayoyi
1. Mene ne amfanin wutsiyar suna?
2. Don me aka maido wa saurayin hotonsa?