Daga Balogun Zuwa Ikeja: Inda Kuɗin Cefane Ke Zurarewa

A wannan makon yawo za mu yi a Legas, garin da iyayenmu fatake ke kira Ikko. Za mu tashi daga Agege ranar Asabar, kwana biyu bayan shigowar albashi, da niyyar abu ɗaya tak: sayen leshin anko. Za mu tsaya a wurare uku, mu ga yadda kowannensu ke sa mutum mai cikakken hankali ya sayi abin da bai fito saya ba. Wanda ya fito neman leda ɗaya ya koma gida da biyar yakan zargi zuciyarsa. Zuciya na da nata kason, amma wurin ma yana da nasa, kuma wanda ya gane yadda wuri ke aiki a kansa ya fi iya tsare aljihu.

Kasuwar da ke zuwa bakin taga

Tun kafin ku isa kasuwa, kasuwa za ta iso ku. Da zarar danfo ta shiga cunkoso a Oshodi ko Mushin, 'yan talla za su cika tsakanin motoci. Wannan yana riƙe da Gala, abincin hanyar da aka san Legas da shi tun 1962, wancan da lemon kwalba mai raɓa, wani da cajar waya, wani da soyayyar ayaba, wani da motar wasan yara mai ƙyalli. Gwamnatin jihar ta haramta irin wannan talla, har a 2016 ta sanar da tarar Naira 90,000 ko ɗaurin wata shida ga mai saye da mai sayarwa, amma sana'ar na nan da ranta.

Abin da ke riƙe da ita shi ne halin da fasinja ke ciki. Ga zafi, ga ƙishirwa, ga gundura, ga yaro a cinya yana ƙorafi. Sannan babu lokacin tunani: motar na iya tashi a kowane daƙiƙa, mai talla na gudu a gefenta, dole ku yanke shawara yanzu. Ba a duba ranar lalacewa, ba a gwada caja. Kuɗin kaɗan ne, shi ya sa ba a lissafa shi, amma idan kuka tara na kwana ashirin na zuwa aiki za ku tarar ya kai kuɗin katan ɗin taliya.

A nan ne kuma abu mafi haɗari ke faruwa. A cikin manyan motoci da tashoshi akwai masu tallan magani, masu bakin da ya fi zuma zaƙi, suna cewa ƙwaya ɗaya na maganin basir da ciwon baya da shawara da rashin kuzari. Kowa a motar yana da ɗaya daga ciki, kuma da mutum biyu sun miƙa kuɗi sai hannuwa su yi ta tashi. Maganin da ya wuni a rana yana iya lalacewa ko da na gaskiya ne, lambar NAFDAC da ke jikin kwali ma ana buga ta jabu. Takalmin da aka saya ba shiri asarar kuɗi ce kawai. Maganin da aka saya ba shiri yana iya taɓa ƙoda ko hanta.

Balogun: kunya da taya

Daga Yaba ku wuce Oyingbo da Iddo, ku haye gadar Carter, wadda aka fara ginawa a 1901, sai ga ku a Idumota cikin tsibirin Legas. Kasuwar Balogun ba ta da katanga ko ƙofa ɗaya. Tituna ne da lunguna da benaye suka haɗu suka zama kasuwa, kusa da Babban Masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe. Leshi da atamfa da ashoke da takalma da jakunkuna a rataye suke tun daga ƙasa har hawa na uku. Ga 'yan dako da kaya a ka suna neman hanya, ga ƙarar janareto, ga kiɗa daga kowace kusurwa. Kafin ku yi taku ashirin an kira ku Alhaja ko Alhaji sau goma, wani ma ya riƙo hannun rigarku.

Wanda ya shiga irin wannan hayaniya, hankalinsa yakan rabu gida-gida: jaka, waya, yaro, hanya. Abin da ya rage na lissafin kuɗi kaɗan ne. Don haka idan mai shago ta ce ku shigo ku huta, kallo kyauta ne, sai ku ji kamar an cece ku. Za ta ba ku kujera, ta juyo muku fanka, ta aika a kawo ruwa mai sanyi. Yaran shago za su sauko da turmi goma sha biyar su baje. Daga nan sai kunya ta karɓi aiki. Mu da aka raina da cewa ba a rama alheri da juya baya, yana mana nauyi mu tashi hannu rabbana bayan an sha wahala dominmu. Da yawa cikin leshin da ke jibge a akwatunan matanmu, kunya ce ta saye su. Ku sani baje kaya aikin mai shago ne na kullum, kuma ta riga ta san ba duk wanda ya zauna ke saye ba. “Na gode, Allah Ya ba da kasuwa” ya isa sallama.

Sai batun taya. A ce ta yi wa leshi kuɗi Naira 120,000, kuka yi ta ja har ta sallama a 70,000. Za ku fito kuna jin kun ci ribar 50,000, alhali abin da ya faru shi ne kun kashe 70,000. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun nuna tun 1974 cewa adadin farko da mutum ya ji yakan zame masa turke, duk ƙiyasin da zai yi bayan nan ba ya nisa da shi. 'Yan kasuwarmu sun san wannan tun kafin a rubuta shi. Daɗin cin nasara a taya yakan mantar da mutum tambayar farko: shin ina ma buƙatar abin?

Akwai kuma maganganu biyu da za ku ji a kusan kowane layi: “wannan ne na ƙarshe” da “gobe kuɗinsa zai tashi”. A shekarun nan na tsadar kaya magana ta biyu ba ƙarya ba ce ko yaushe, shi ya sa take kama zuciya. Amma tsoron tashin farashi hujja ce ta sayen shinkafa da man girki, waɗanda dole za a ci. Ba hujja ba ce ta sayen jaka ta huɗu.

Ga wanda ya zo daga Arewa ko yake shirin zuwa gida, akwai ƙarin nauyi: tsaraba. Tsaraba al'ada ce mai kyau, tana ƙulla zumunci. Matsalarta ita ce ba ta da iyaka idan ba a rubuta sunaye ba. Kun saya wa Gwaggo, sai ku tuna Inna za ta ji, daga nan sai kishiyar Inna. Haka ma anko: an fito don yadi biyar, sai ga ɗankwali da ya dace, sai takalmin da ya dace da ɗankwalin.

Wani masani mai suna Hawkins Stern ya kasa sayen ba-shiri gida huɗu a 1962, kuma duka huɗun suna Balogun. Akwai wanda sha'awa zalla ke haifarwa, kun gani kun so. Akwai na tuni, kun ga safar makaranta kun tuna ta yaro ta yage. Akwai na shawara, kun ga abin da ba ku taɓa sani ba kun ji kamar zai yi amfani. Akwai kuma wanda aka fito da shirin “in na ga araha zan saya”. Na tuni sau da yawa alheri ne. Sauran ukun ne ke buƙatar linzami.

Ikeja: sanyi da keken kaya

Da la'asar ku juyo ta gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka kammala a 1990, ku nufi Alausa inda Ikeja City Mall yake tun 2011. Irin waɗannan manyan rukunin shaguna sun fara kafuwa a Legas ne da The Palms na Lekki a 2005. Nan ba mai jan rigarku, ba mai kiran ku Alhaja. Ga sanyi, ga haske, ga ƙamshin burodi da gasasshiyar kaza. Bayan Balogun sai ku ji kun shigo wurin hutu, kuma wannan jin shi ne jarin wurin.

Ba a banza aka tsara komai ba. Victor Gruen ne ya zana katafaren rukunin shaguna mai rufi na farko irin na zamani, wanda aka buɗe a jihar Minnesota ta Amurka a 1956, har ana kiran shagalar da ke kama mai shiga ya manta abin da ya kawo shi da sunansa. Keken zuba kaya kuwa wani mai kanti, Sylvan Goldman, ya fito da shi a 1937 a Oklahoma, bayan ya lura mutane na daina saye da zarar kwando ya yi wa hannu nauyi. Keke ya kawar da wannan gargaɗi na hannu. Kaya uku a cikin babban keke sai su yi kama da ba a sayi komai ba. A 1982 wani mai bincike, Ronald Milliman, ya gano cewa kiɗa mai sanyi a kanti na sa mutane su rage saurin tafiya, ciniki kuma ya ƙaru.

Ku lura da inda aka ajiye abubuwa. Kayan da kowa ke zuwa nema sukan kasance can ciki, sai an ratsa layuka kafin a kai gare su. Farashi kuma yakan ƙare da tara: Naira 4,999 ido ya fi karanta ta a dubu huɗu da wani abu. Jan kwali mai cewa a sayi biyu a samu ɗaya kyauta na sa a ɗauki uku na abin da ko ɗaya ba ya cikin lissafi. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Wuri mafi wahala ga iyaye shi ne layin biyan kuɗi. Alewa da cakulan da cingam an jera su daidai tsayin idon yaro, a wurin da dole a tsaya a jira, a lokacin da uwa ta gaji kuma ba ta son kuka a gaban jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, kimanin giram 50 ga babba, na yaro kuwa bai kai haka ba. Lemo ɗaya da cakulan ɗaya kan iya cinye wannan kaso, ga ruɓewar haƙori da ƙiba a gaba. Saboda haka ne Ingila ta hana manyan kantuna jera irin waɗannan kaya a bakin wurin biya tun Oktoban 2022. A nan gida, wannan aiki a wuyan iyaye yake.

Na ƙarshe shi ne yadda ake biya. Ƙirga takardun Naira a miƙa yana da ɗan zafi a zuciya, wannan zafi kuma birki ne. Kati da tiransifa sun rage shi. A wani gwaji da Drazen Prelec da Duncan Simester suka wallafa a 2001, waɗanda aka ce da kati za su biya sun taya tikitin kallon wasa kusan ninki biyu na waɗanda aka ce su biya da tsaba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, hatta mai shago a lungun Balogun na da lambar asusu a manne a bango. Uzurin nan na “kuɗin hannuna sun ƙare”, wanda ya ceci iyayenmu sau ba adadi, ya daina aiki.

Abin da za ku fita da shi

Ku ci abinci kafin ku fita, ku riƙe ruwanku. Mai jin yunwa ba abinci kaɗai yake yawan ɗauka ba, komai yakan ba shi sha'awa. Ku rubuta abin da za a saya da sunayen masu tsaraba, maigida da uwargida su amince da adadi tun a gida. Ku ware ɗan abin marmari a cikin lissafin, domin takurar da ta yi yawa ita ma takan fashe. Ku ciri tsabar kuɗin da kuka yanke, ko ku zuba su a asusu daban, katin albashi ya zauna a gida. A kanti, kwando ya fi keke idan kayan ba su da yawa. Ku faɗa wa yara tun a mota cewa abu ɗaya kowa zai zaɓa, ku kuma cika alkawari. Duk abu mai tsada da ba ya cikin takarda, ku bar shi ya kwana. Idan gobe kuna son sa har yanzu, kasuwa ba ta gudu. Kada kuma ku shiga kasuwa da ɓacin rai, domin sayayya na sanyaya zuciya na ɗan lokaci, bashin kuwa ya daɗe.

Idan abin ya kai mutum yana ɓoye ledoji kada a gani a gida, yana cin bashi a manhajojin waya don sayen abin da ba ya ko buɗewa, yana nadama amma ya kasa dainawa, to ya wuce kwaɗayi. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan lalura fiye da shekara ɗari, kuma takan zo tare da damuwa ko baƙin ciki mai tsanani. Gori da faɗa ba sa warkar da ita. A Legas akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Yaba, manyan asibitocin koyarwa ma na da wannan sashe. A raka mutum da mutunci ya ga likita.

Balogun da Ikeja wurare ne masu daɗin zuwa, kuma mutanen cikinsu halaliyarsu suke nema. Ku je, ku kai yara su buɗe ido, ku yi taya har a sallama. Sai dai ku shiga da ciki a ƙoshe da takarda a hannu. Allah Ya sa albarka a abin da muke samu. Sai mako mai zuwa.